Wai Halley mutum nawa ne, kuma da wane haƙƙi tauraruwa mai wutsiya ta ci sunansa?

Abu_Sadik_Dala: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce da ni ga masana falaki da tarihi. Sunan nan Halley na yawan fito mini. Akwai tauraruwa mai wutsiya ta Halley, akwai tashar bincike ta Halley a Antatika, na ga wani rami a duniyar wata shi ma Halley, jiya kuma na ci karo da "hanyar Halley" a littafin lissafi. Duk mutum ɗaya ne ko dangi ne? Ta biyu ita ta fi damuna. An ce ba shi ya fara ganin tauraruwar ba, mutanen Sin sun rubuta labarinta tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS). To me ya sa sunansa ya hau kanta? Ni dai ina ganin irin zancen nan ne da aka koya mana a firamare, wai Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara, alhali Sarkawa da Nufawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna su a cikinsa.

Malam_Falaki: Wa alaikumus salam Malam Abu Sadik. Duk huɗun da ka lissafa na mutum ɗaya ne, Edmond Halley, Bature ɗan Ingila. An haife shi a 1656 a gefen birnin Landan, mahaifinsa attajiri ne mai sana'ar sabulu, ya rasu a 1742. A 1720 aka naɗa shi babban masanin taurari na masarauta a Greenwich, shi ne na biyu a kujerar bayan John Flamsteed.

Amma kwatancenka da Mungo Park bai zauna ba. Park ya iske kogin da masu shi suka san mafarinsa da kifinsa da lokacin cikarsa. Halley bai taɓa cewa shi ya fara ganin tauraruwar ba. Abin da ya zo da shi daban ne. Kafin shi, duk wadda ta fito ana ɗauka baƙuwa ce, ta zo ta wuce ke nan. Shi ya zauna da bayanan taurari masu wutsiya 24 da aka gani tsakanin 1337 da 1698, ya lissafa hanyar kowacce da ƙa'idojin Isaac Newton. Sai ya tarar da guda uku, ta 1531 da ta 1607 da ta 1682 wadda ya gani da idonsa, hanyarsu kusan ɗaya ce, tsakaninsu kuma shekara 75 zuwa 76. A 1705 ya buga cewa ba uku ba ne, ɗaya ce take zagayowa, kuma a saurare ta wajen 1758. Ya san ba zai kai ba. Ya rasu da shekara 16 kafin lokacin. Ranar 25 ga Disamba 1758 wani manomi Bajamushe mai sha'awar kallon sama, Johann Palitzsch, ya hango ta. A 1759 wani masani Bafaranshe, Lacaille, ya sa mata sunan Halley. Ka lura, Bafaranshe, a daidai lokacin da Ingila da Faransa suke tsakiyar yaƙi.

Bakatsine_77: Ni kam na gan ta da idona. Muna makarantar kwana, bayan magariba kowa ya fito fili ana nuna ta. Wutsiyarta fes. 1997 ne, ba na mantawa.

Hajiya_Mai_Alli: Ɗana Bakatsine, wadda ka gani a 1997 ba ita ba ce. Hale-Bopp sunanta, Amurkawa biyu suka gano ta a 1995, Alan Hale da Thomas Bopp. Sunan ne ya yi kama. Ita wannan sai bayan shekara sama da 2,000 za ta dawo. Ta Halley zuwanta na ƙarshe 1986 ne, ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata lokacin. Malaminmu na labarin ƙasa ya nemi izini ya tashe mu kafin asuba, muka fita bayan ɗakunan kwana da mayafai, ya nuna mana can ƙasa-ƙasa ta kudu maso gabas. Gaskiya da yawanmu ranmu bai so ba, mun zaci abin da aka zana a jarida za mu gani. Ɗan fari-fari ne dishi-dishi kamar an yagi auduga an manna a sama. Yana da madubin hangen nesa mai ido biyu guda ɗaya tak, muka yi layi, kowa ta leƙa ta miƙa wa ta baya. Har yau ina jin muryarsa yana cewa mu kalla da kyau, shi da ita sun yi bankwana ke nan, amma wasunmu jikokinsu za su gani. Allah Ya jiƙansa.

Bakatsine_77: Amin Hajiya. To me ya sa ta 1997 ta fi haske, alhali ta Halley ce mai suna?

Malam_Falaki: Hale-Bopp ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Sannan a 1986 an yi rashin dace, lokacin da ta Halley ta fi kusa da rana, a Fabrairu, mu muna wancan ɓangaren, rana ta shiga tsakani. Zuwan 2061 za mu kasance ɓangare ɗaya da ita, ana sa ran zai fi na 1986 kyau sosai. Abin da 1986 ya fi shi ne kumbuna. Tarayyar Sobiyet ta tura Vega guda biyu, Japan ta tura biyu, Turai ta tura Giotto wanda ya ratsa kusa da ita da tazarar kimanin kilomita 600. Nan aka fara ganin ainihin jikinta: dunƙule ne na ƙanƙara da ƙura, tsawonsa wajen kilomita 15, baƙi ƙirin. Wutsiyar tururi ne da ƙura da zafin rana yake fitarwa daga jikinta.

Ibnul_Waha: Jama'a a yi hattara. Mutum ya ce abu kaza zai faru bayan shekara 53, yanzu kuma ana cewa 2061. Wannan ba shiga gaibu ba ne? Ina bambancinsa da ɗan duba?

Ustaz_Zariya: Ɗan'uwa Ibnul Waha, Allah Ya saka da alheri da kishin addini, amma malamai sun daɗe da rarrabe abin nan. Ilimin tafiyar taurari daban, da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki da mutuwa da nasara daban. Na farko da shi ake fitar da alƙibla da lokutan salla. Allah Ya ce a Suratur Rahman rana da wata suna tafiya da lissafi. Abin da yake da lissafi kuwa ana iya lissafa shi. Husufin rana na 29 ga Maris 2006 da ya rufe Gusau da Katsina, ai an sanar da ranarsa da sa'arsa tun kafin ya zo, mutane suka yi shirin sallar husufi.

Ni a wurina ma aikin Halley ya taimaka wajen kashe camfi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. To taurari masu wutsiya an fi jingina musu irin wannan. A 1066 ta Halley ta fito, a shekarar Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, aka ce ita ta kawo. Waɗanda suka yi adabin Larabci kuma za su tuna ƙasidar Abu Tammam ta cin Amuriyya a zamanin Halifa Mu'utasim, shekarar 838, inda yake caccakar masu duba da suka tsoratar da jama'a da tauraro mai wutsiya na yamma. Masu bincike da yawa suna ganin ta Halley ce, domin a 837 ta yi kusantar duniya da ba a san ta taɓa yin irinta ba. Da zarar an nuna cewa halitta ce mai hanya da lokaci, ɗan duba ya rasa abin tsoratarwa.

Ibnul_Waha: Na ji Ustaz. Amma dai a riƙa cewa in Allah Ya so. Babu wanda ya san duniyar za ta kai 2061.

Ustaz_Zariya: Wannan kam haka yake, in sha Allahu.

Abu_Sadik_Dala: Na gode Malam Falaki, amma ban gamsu duka ba. Da me ya yi lissafin? Ba da bayanan wasu ba? Shi kaɗai ya kwashe sunan, waɗanda suka yi dare suna rubuta inda take an manta da su.

Zainabu_Kimiyya: Yaya Abu Sadik a nan ina bayanka, kuma ina da misali. Halley ya ce ƙarshen 1758 ko farkon 1759, bai iya tsayar da wata ba, domin manyan duniyoyin nan Mushtari da Zuhal suna janta su jinkirta ta in ta wuce kusa da su. Mutum uku ne a Faris suka zauna suka yi wannan lissafin da hannu wata da watanni: Clairaut, Lalande, da wata mace, Nicole-Reine Lepaute. Suka ce za ta fi kusa da rana a tsakiyar Afrilu 1759, ta zo ranar 13 ga Maris, kuskuren wata ɗaya a tafiyar shekara 76. Da Clairaut ya buga littafinsa sai ya cire sunan matar. Lalande ne ya riƙa faɗa daga baya cewa ba don ita ba da aikin bai yiwu ba. Yau wa ya san ta?

Malam_Falaki: Gaskiya ne Zainabu. Kuma don kada a ce ina wanke Halley tas, shi ma yana da tabo a wannan babin. A 1712, da goyon bayan Newton, ya buga jadawalin taurarin Flamsteed ba da yardar mai shi ba. Flamsteed ya ce aikin bai kammala ba. An buga kwafi 400, daga baya Flamsteed ya samu 300 a hannunsa ya cinna musu wuta. Har ya mutu ba su shirya ba, kuma Halley ne ya gaji kujerarsa.

Amma ku auna da ɗaya hannun. A 1684 Halley ya je Kambirij wurin Newton da tambaya a kan siffar hanyar da duniyoyi suke bi. Newton ya ce ya riga ya lissafa, amma ya rasa inda ya ajiye takardar. Halley ne ya matsa masa ya rubuta, ya bi shi da lallashi duk lokacin da ya yi fushi zai fasa, ya duba kurakuran ɗab'i. Da ƙungiyar masana ta Royal Society ta ce ba ta da kuɗi, ta kashe su a wani littafin kifaye da bai yi kasuwa ba, Halley ya biya kuɗin buga littafin na Newton, Principia, daga aljihunsa a 1687. Ƙungiyar ma, da yake shi ma'aikacinta ne, da kwafin littafin kifayen ta biya shi albashinsa. Mai son suna shi kaɗai ba ya yin wannan wa wani.

Injiniya_Mai_Sanyi: Ku yi haƙuri in karkata da ku. Ni gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki nake yi, kuma sunan Halley ya taɓa sana'ata kai tsaye. Lokacin da nake yaron shago, gas ɗin da muke ɗurawa R12 ne. In maigida zai buɗe kwamfireso sai kawai ya yanke bututu, gas ya yi tsiii ya bi iska, ba wanda ya damu, ba ya wari, ba ya kama wuta. Sai aka wayi gari an ce za a daina shi, aka koma R134a, yanzu kuma yawancin sababbin firji R600a ne, wanda shi yana kamawa da wuta, dole ka kiyaye da abin walda. Da na je wani horo ne aka ce mana asalin maganar daga wata tasha ce a Antatika mai suna Halley. Wanda ya san labarin da kyau ya ƙara mana.

Dr_Yanayi: Haka ne Injiniya. Birtaniya ta kafa tashar a 1956, shekarar da Halley ya cika 300 da haihuwa, shi ya sa aka sa wa mashigin tekun da suka sauka sunansa. Tun daga shekarun farko suke auna iskar ozon da ke can sama, wadda take tare mana hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Kowace shekara ana rubutawa, ba wani abin mamaki. Daga ƙarshen shekarun 1970 sai adadin watan Oktoba ya fara zubewa. A Mayu 1985 mutum uku, Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, suka buga sakamakon a mujallar Nature, suka danganta shi da sinadaran CFC, irin R12 ɗin nan naka da na gwangwanin feshi. Bayan shekara 2 kacal, a 1987, aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, wadda yau kowace ƙasa a duniya take cikinta. Abin da nake so matasa su ɗauka shi ne, da ba a yi shekara kusan 30 ana wannan awon mai gundura ba, ba wanda zai san adadin ya sauka, domin ba abin da za a gwada shi da shi.

Ita kanta tashar abin kallo ce. Ba a kan ƙasa take ba, a kan shimfiɗar ƙanƙara ta Brunt take, wadda take yawo a kan teku tana matsawa kullum. Tashoshi huɗu na farko dusar ƙanƙara ta binne su ta murƙushe. Ta yanzu ita ce ta shida, an buɗe ta a 2013, ɗakuna 8 ne a jere, 7 shuɗi ɗaya ja, kowanne a kan ƙafafun ƙarfe masu miƙewa, a ƙarƙashinsu akwai abin sulɓi. Da tsaga ta fara buɗewa a ƙanƙarar, sai aka ja ɗakunan da tarakta ɗaya bayan ɗaya zuwa kilomita 23 ciki, tsakanin 2016 da 2017. Tun lokacin ba a barin mutane su yi hunturu a can, injuna ake bari suna awo. A Janairu 2023 ɓangaren da ake tsoro ya ɓalle ya shiga teku, girmansa ya haura murabba'in kilomita 1,500.

Maman_Haidar: Ikon Allah. Da can da suke kwana, yaya suke da rana?

Dr_Yanayi: Kwana 105 rana ba ta fitowa ko kaɗan a lokacin sanyinsu, Maman Haidar, wato wajen Mayu zuwa Agusta.

Abu_Sadik_Dala: To ga irinta nan. Shi Halley ya taɓa taka Antatika? In bai je ba, ashe maganata ta tabbata: mai jirgi da tuta shi yake raɗa suna.

Kyaftin_Ruwa: Bai taka ba, a zamaninsa ba wanda ya ma ga nahiyar. Amma ba daga sama aka ɗauko sunan ba. Daga 1698 zuwa 1700 an ba shi jirgin sojan ruwa mai suna Paramore ya yi yawo a Tekun Atlantika yana auna karkatar allurar kamfas. Ku sani allurar ba ta nuna arewa ta gaskiya, tana ɗan kaucewa gabas ko yamma, kuma kaucewar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Ya gangara kudu har digiri 52, ya shiga cikin manyan duwatsun ƙanƙara da hazo, da ƙyar suka fita. A 1701 ya fitar da taswira mai layuka da suke haɗa wuraren da karkatarsu ɗaya. An daɗe ana kiransu layukan Halley. Har gobe taswirar da muke aiki da ita a jirgi tana ɗauke da wannan bayanin. Tashar Antatika kuwa cikin abin da aka kafa ta domin shi har da nazarin maganaɗisun duniya.

Tun kafin nan ma, a 1686, ya zana taswirar iskokin teku, ya ce zafin rana ne yake ɗaga iska a wuri mai zafi, ta gefe ta kwararo ta cike gurbin. Bayaninsa bai cika ba, wani mai suna George Hadley ne ya ƙara da juyawar duniya a 1735. Ga wani sunan mai rikitarwa nan, Hadley daban Halley daban. Duk mai son fahimtar dalilin da iskar hunturu take zuwa mana daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma, daga waɗannan biyun darasin yake farawa.

Dan_Maradi: Sannunku 'yan'uwa. A koma kan tambayar farko, ba duk Halley ne na Edmond ba. Mu da muka yi boko da Faransanci mun san iyalin Halley na yankin Normandi, manyan 'yan kasuwa, su ne masu kamfanin Promodès da ya haɗe da Carrefour a 1999. Babbansu Paul-Louis Halley ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2003. Ba ruwansu da taurari.

Sarkin_Tamaula: Mu ma 'yan ƙwallo muna da namu. George Halley, ɗan Sikotlan, yana cikin 'yan wasan Burnley da suka doke Liverpool 1-0 suka ɗauki kofin FA a 1914. Shi ne kofin FA ɗaya tilo da Burnley take da shi har yau.

Hajiya_Mai_Alli: Akwai kuma mai zane Ba'amurke Peter Halley, da wani ƙaramin ƙauye Halley a jihar Arkansas. Amma na sama duk na Edmond ne: ramin wata, wani ramin a duniyar Mars, da wani dutsen sararin samaniya mai lamba 2688. A tsibirin Saint Helena kuma, inda aka tsare Napoleon daga baya, akwai tudun Halley. Yana ɗan shekara 20 ya bar jami'ar Oxford bai gama ba ya tafi can a 1676, ya kafa kayan aikinsa a kan tudun, ya dawo da jadawalin taurari 341 na sararin kudu, waɗanda da yawansu ba a ganinsu daga Ingila.

Dalibin_Lissafi: Ba wanda ya taɓa "hanyar Halley" da Yaya Abu Sadik ya ambata, bari in gwada. Dabara ce ta kusantar amsa in ba za a iya fitar da ita kai tsaye ba. Ka yi hasashe, ka sa a ƙa'ida, ta ba ka wanda ya fi shi, ka maimaita. Misali lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 2. Mu fara da 1.5. Hanyar Newton, wata dabara irin wannan, zagaye ɗaya tana ba da 1.41667. Ta Halley: ka ninka 1.5 da kanta, 2.25. Ka ƙara 6, ya zama 8.25. A ƙasa kuma 2.25 sau 3, a ƙara 2, ya zama 8.75. Sai 1.5 sau 8.25 a raba da 8.75, ka samu 1.41429. Amsar gaskiya 1.41421. Ku gwada a wayarku. Ta Newton tana ninka adadin lambobin da suka dace sau biyu a kowane zagaye, ta Halley sau uku, sai dai kowane zagayenta ya fi aiki. A 1694 Halley ya buga ta.

Baba_Fansho: Yaro Allah Ya yi maka albarka. Ni ma in sa baki da abin da na sani daga aikina na da. A 1693 Halley ya samu rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yau yake Poland da sunan Wrocław, ta shekara 5. Da ita ya tsara jadawali: cikin masu shekara kaza, mutum nawa suke kaiwa shekara ta gaba. Gwamnatin Ingila a lokacin tana sayar da fansho na rai-da-rai farashi ɗaya ga yaro da tsoho, ya nuna musu wannan asara ce. Duk wanda ya karanta lissafin fansho ko inshora, har masu takaful, ya wuce ta kan wannan jadawalin. Ba ya gaya maka ranar mutuwar kowa, kafin Ibnul Waha ya tambaya, adadin jama'a yake magana a kai.

Ibnul_Waha: Na gode Baba. Amma kuna ta yabonsa kamar bai taɓa kuskure ba.

Malam_Falaki: Ya yi, babba ma. A 1692 ya ce duniya rarake take, da ƙwallaye a cikinta ɗaya cikin ɗaya, kowanne yana juyawa da nasa maganaɗisu, har yana ganin ƙila akwai halittu a ciki. Yana neman dalilin da karkatar kamfas take sauyawa da shekaru ne. Tambayar mai kyau ce, amsar ba daidai ba. Yau an san narkakken ƙarfe ne yake motsi a can ciki.

Ustaz_Zariya: Malam Abu Sadik, ga wani abu da zai shafi ƙorafinka. Da Halley ya zama farfesa a Oxford, ya iske wani littafin Apollonius, masanin lissafin Girka, wanda asalinsa ya ɓace, sai fassarar Larabci. Wani malami ya fara juya shi zuwa Latin bai gama ba. Halley ya ɗauki ɗan abin da aka fassara ya mai da shi mabuɗi, ya koyi Larabcin da zai ishe shi, ya kammala a 1706. A 1710 ya fitar da babban littafin Apollonius, wanda juzu'i na 5 zuwa na 7 da Larabci kaɗai suka tsira, ta hannun Sabit bin Ƙurra da 'ya'yan Musa bin Shakir a Bagadaza. Ya kuma yi nazarin awon Al-Battani. Mutumin ya san a kan ginin wa yake ɗora bulo. Kuma a duniyar wata, ramin Halley maƙwabcin wani babban rami ne mai suna Albategnius, wato Al-Battani. Akwai na Ibnul Haisam, da na As-Sufi, da na Ibn Battuta.

Abu_Sadik_Dala: Wannan ya sanyaya mini rai Ustaz, amma duba yadda aka murɗe sunan har ba mai gane shi. Kuma har yanzu ina nan a kan cewa masu rubutun Sin na shekara 240 kafin Miladiyya sun cancanci a ambace su duk inda aka ambaci tauraruwar. Su ma awo suka yi, irin wanda Dr Yanayi yake yabo.

Zainabu_Kimiyya: Ni abin da ya fi ci mini rai ba sunan da aka riga aka raɗa ba ne. Ƙa'idar yau ita ce wanda ya fara gano tauraruwa mai wutsiya ya kai rahoto, sunansa ake sawa. Bopp ba ma'aikacin falaki ba ne, da na'urar abokinsa ya gani. Sararin da muke da shi a ƙauyukanmu bayan damina, Bature sai ya yi tafiya mai nisa yake samun irinsa. Makarantunmu nawa ne suke da madubin hangen nesa ko ɗaya? Yaranmu nawa ne za su iya nuna Gamzaki ko Kaza da 'Ya'yanta in aka fita da su?

Maman_Haidar: Ni dai 2061 ta yi mini nisa. Ba abin da za mu iya gani kafin nan? Ina son in nuna wa yara.

Malam_Falaki: Akwai. Ita kanta yanzu tana can bayan duniyar Neptune, a Disamba 2023 ta kai ƙarshen nisanta ta juyo. Amma ƙurar da ta zubar a hanya tana nan, duniya tana ratsa ta sau biyu a shekara, wajen 5 da 6 ga Mayu, da wajen 21 da 22 ga Oktoba. Ƙwayoyin suna shigowa iska su ƙone, mu gan su kamar tauraro ya yanke ya faɗi. A fita kafin asuba, nesa da fitilu, a ba ido minti 20 ya saba da duhu, kada a duba waya. Ta Oktoba ta fi mana sauƙi, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. In wata ya cika a ranakun, haskensa zai rufe yawancinsu.

Injiniya_Mai_Sanyi: Ramin fa na wata, ana iya gani da irin madubin da Hajiya ta ce?

Malam_Falaki: Na Al-Battani za ka gani, faɗinsa ya haura kilomita 120. Ka duba daren 7 ko 8 ga wata, lokacin da yake rabi, kusa da tsakiya, a bakin layin da ya raba haske da duhu. Ka jingina gwiwar hannu a kan katanga don kada ya yi rawa. Na Halley ƙarami ne, wajen kilomita 35, yana ta arewa maso gabas da shi, wannan sai da ƙaramar na'urar hangen nesa mai ƙafa.